In sayi allon zamiya mai tsawon 184, ko ya yi mini yawa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina karatu a Grenoble, a Faransa. Bara na je zamiyar dusar ƙanƙara a dutsen Chamrousse sau biyar tare da 'yan ajinmu, yanzu ina iya saukowa ta shuɗiyar hanya, amma har yanzu sai na haɗa hancin allunan kafin in tsaya. Tsayina santimita 178, nauyina kilo 64. Wani abokina zai sayar mini da allunansa a kan Yuro 60, an rubuta 184 da R21 a jikinsu. Ya ce tunda ni dogo ne za su yi mini daidai. In saya?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya. Ka yi wa abokinka godiya sosai, don na tabbata alheri yake nufi da kai, amma waɗannan alluna ba naka ba ne bana, kuma da wuya su zama naka baɗi. Abin da ya dace da kai yanzu shi ne allo tsakanin santimita 160 da 165, mai taushi, mai siririn ƙugu, wanda lambar R ɗinsa take tsakanin 12 da 15. Amsar ke nan a dunƙule. Zan warware maka ita ne don ka san dalili, saboda nan gaba kai da bakinka za ka riƙa gaya wa mai shago abin da kake so.

Bana lokacin sanyi na goma sha ɗaya ke nan ina aiki a shagon hayar kayan zamiya a duwatsun nan da suka kewaye Grenoble, kuma da wuya mako ya wuce ban ji maganar nan ta abokinka ba: kai dogo ne, ɗauki dogo. Da gaskiya a ciki, sai dai ba ta wuce rubu'i ba. Idan mutum ya shigo mini da safe, hular kwano a hannu, yana sauri kada layin kujerar hawa, wadda ke kai mutane saman dutse, ya yi tsawo, abu huɗu nake tambayarsa kafin in kai hannu kan allo: tsayinsa, nauyinsa, shekarunsa, da launin hanyar da yake saukowa ta cikinta ba tare da gabansa ya faɗi ba. A kan ta ƙarshen nan mutane suka fi yin ƙari. Koriya ce mafi sauƙi, sai shuɗiya, sai ja, baƙa ta fi duka wuya. Mai saukowa shuɗiya sai ya ce ja, wanda ya taɓa gangaro ja sau ɗaya da jan gindi sai ya ce baƙa. Kai ka faɗi gaskiya, ka ce har yanzu kana haɗa hanci in za ka tsaya, abin da Faransawa ke kira chasse-neige. Wannan gaskiyar ce ta sauƙaƙa mini amsa, kuma ina roƙonka ka riƙe ta duk shagon da ka shiga.

Da tsayi ake farawa. Ka miƙe tsaye, a kafa allon a gabanka, wutsiyarsa a ƙasa. Wanda yau ne farkonsa, hancin allon ya tsaya masa a haɓa. Wanda ya fara karya kwana alluna biyu a jere, tsakanin hanci da gira. Gwani mai gudu, daga goshi zuwa tsakar ka, wani lokaci har ya ɗan haura. A jikinka mai santimita 178, haɓarka tana wajen 155, hancinka wajen 163, girarka wajen 168. Allon abokinka ya wuce tsakar kanka da santimita 6. Kwana biyar kacal ka yi a kan dusar ƙanƙara, don haka wurinka yana tsakanin haɓa da hanci, kana matsawa wajen hanci.

Za ka ce me santimita 20 za su canza. Ɗauki allon ka duba shi da kyau, za ka ga kowane gefe akwai siririn ƙarfe mai kaifi tun daga hanci har wutsiya. Ƙarfen nan shi ne birkinka, shi ne sitiyarinka. Dogon allo yana da ƙarfe mai yawa da ke cizon ƙanƙara, shi ya sa in an saki gudu ba ya rawa, yana tafiya ɗoɗar kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Kuɗin wannan natsuwa shi ne taurin kai wajen juyawa. Ka tuna yadda direban tirela yake buɗewa sosai kafin ya sha kwana a mararraba, mai babur kuwa ya juya a tafin hannu. Mai koyo kuma duk rayuwarsa a kan dutse juyawa ce, domin da kwana ake rage gudu. Wanda ya kasa juya allo a daidai lokacin da yake so, gudunsa zai ƙaru, tsoro ya shige shi, ya jingina baya, hancin allo ya rasa nauyi, daga nan allon ne ke tuƙa shi.

Bara na ga wannan da idona. Wani matashi mai kusan jikinka ya shigo hayar takalmi kawai, ya ce ya aro alluna a wajen mai gidan da yake zaune. Na leƙa waje na ga 188 ne, na yi masa magana, ya ce babu komai. Da azahar na fita shan iska a gindin gangara sai na hango shi. Ya buɗe wutsiyoyin allunan iya buɗewa, hancin na hagu ya hau kan na dama, gwiwoyinsa suna kakkarwa, ya miƙa sanduna gaba kamar makaho mai laluben bakin rami. Duk kwanar da zai yi sai ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafa ɗaya da ƙarfi ya juya ta. Jerin yara 'yan shekara biyar suka wuce shi a bayan malaminsu mai jar riga. Da ya iso ƙasa cinyoyinsa sun ɗauki wuta, ya zauna a kan dusar ya ce shi wannan wasa ba nasa ba ne. Na ba shi 160 na ce ya gwada sau ɗaya kawai, in bai ji daɗi ba ya dawo da shi ba sai ya biya ba. Sai da aka kusa rufe kujerun hawa ya dawo, gashin bakinsa duk farar ƙanƙara, yana tambayata ƙarfe nawa muke buɗewa gobe. Ƙafafunsa na safe su ne na yamma. Da ya tafi gida da azahar ɗin nan, da har yau yana gaya wa mutane bai da baiwar zamiya.

Sai nauyi, wanda a wurina ya fi tsayi muhimmanci, kuma shi abokinka bai lissafa ba. Ajiye allo a ƙasa mai santsi babu kowa a kai. Yawancin allunan hanya za ka ga tsakiyarsu ta ɗan ɗago, kusa da hanci da kusa da wutsiya ne kawai ke taɓa ƙasa, kamar baka da aka kifa. Idan ka hau, nauyinka ya danne tsakiyar. Idan ka karkatar da shi a kan gefe ka danna, sai ya lanƙwashe ta ɗaya fuskar ya zama kamar jinjirin wata, kuma wannan lanƙwasar ce ke zana kwanar a kan ƙanƙara. Allo bai san tsayinka ba, nauyinka yake ji. In ka miƙa wa yaro bakan maharbi, zai riƙe shi, amma ba zai iya jan tsirkiyar ba. Kilo 64 a tsayi 178 mutum ne marar jiki, don haka a kowane ma'auni ka duba, ɓangaren ƙasa za ka ɗauka. Da mai tsayinka ne amma mai kilo 95, ko da kwana biyar ɗin ya yi, zan ba shi 168 ko 170, domin ɗan gajeren allo mai taushi zai lotse a ƙarƙashinsa, ƙarfen ya kasa riƙe shi a kan ƙanƙara mai tauri. Mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya fita daga shagona da bambancin santimita 10, kuma kowa ya sami daidai da shi.

Yanzu R21 ɗin nan, wadda ta fi 184 tayar mini da hankali. Gefen allo ba miƙaƙƙe ba ne: hanci da faɗi, ƙugu siriri, wutsiya da faɗi. Shi ya sa za ka ga lambobi uku a jere a jikinsa, misali 122-74-104, wato faɗin hanci, ƙugu da wutsiya a milimita. In aka ci gaba da zana lanƙwasar gefen nan har ta zagayo ta zama da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta shi ne R, a mita. R21 yana nufin allon yana son ya zana da'ira mai faɗin mita 42 daga baki zuwa baki. R13 kuwa mita 26. Ka tuna yadda shuɗiyar hanya take a Chamrousse ranar Asabar ta watan Fabrairu, lokacin hutun makarantu, mutane kamar kasuwa, ka gaya mini inda za ka sami filin mita 42. Gwani zai iya tilasta wa irin wannan allo ya yi gajerar kwana, ta hanyar karkatar da shi sosai da kuma gudu. Kai ba ka kai nan ba tukuna. Kuma allo mai 184 da R21 galibi ɗan gidan tsere ne, da faranti na ƙarfe a cikinsa, sai an kai wani gudu yake farkawa. Ƙasa da wannan gudu, katako ne kawai a ƙafarka.

Na san abin da ke cikin zuciyar matasa da yawa, ko ba su faɗa ba: gajeren allo na 'yan koyo ne, kuma ba sa so a gan su da shi a layin hawa. Ka cire wannan daga ranka. A gasar slalom, wadda ake zagaye sanduna masu kusa da juna, dokar hukumar wasan ta duniya, FIS, ta ce allon maza kada ya gaza santimita 165, na mata 155, kuma a daidai wannan ƙasan 'yan wasan suke tsayawa, da za a bar su wasu da sun rage. Clément Noël, Bafaranshen da ya ci zinare a slalom a gasar Olamfik ta Beijing a 2022, dogo ne da ya haura santimita 185, kuma allon wannan gasa ko haɓarsa da ƙyar yake kaiwa. Su dai waɗannan mutane, in aka koma babban slalom, mai sanduna nesa da juna, allon maza ya zama aƙalla 193 da R30. A gasar saukowa kai tsaye, inda ake haura kilomita 130 a awa, aƙalla 218 da R50. Masu neman tarihin gudu zalla suna hawan 240, da irinsa Simon Billy ya kai kilomita 255.5 a awa a dutsen Vars na Faransa a 2023. Mutum ɗaya, tsayi ɗaya, amma allonsa yana tashi daga 165 zuwa 218 gwargwadon aikin da zai yi da shi. Tambayar da ta kamace ka ke nan: wane gudu nake yi, wace irin kwana nake karyawa, a kan wace irin dusa?

Abokinka bai ƙirƙiri maganarsa ba, gadonta ya yi. A zamanin da, ƙa'idar ita ce mutum ya ɗaga hannu sama, hancin allo ya kai masa wuyan hannu. Lokacin da Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku a nan Chamrousse ɗin da kake zuwa, a Olamfik ta 1968, alluna kusan miƙaƙƙu ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga namiji da mai mita 2. Tun a lokacin akwai malaman da suka gane wahalar da ake ba masu koyo. A Les Arcs, wani wurin zamiya a Faransa, a shekarun 1970, an yi suna da wata hanyar koyarwa da ake fara mutum da allo mai kusan mita 1, ana ƙara masa tsawo yana ƙara ƙwarewa. Babban sauyin ya zo ne a farkon shekarun 1990, da kamfanoni irin su Elan na ƙasar Sloveniya suka fito da alluna masu zurfin ƙugu. Allon ya fara karya kwana da kansa in an karkatar da shi, sai tsawon da mutane ke buƙata ya ragu da santimita 15 zuwa 20 cikin 'yan shekaru. Dattawan da suka koya kafin wannan lokaci har yanzu sukan kalli 165 a hannun namiji su girgiza kai. Ka girmama su, amma kada ka yi awo da ma'auninsu.

Akwai inda dogon allo yake da gaskiya, kuma ba na so ka fita daga nan kana ganin gajere ne kullum daidai. Ranar da dusa ta kwana tana zuba, aka wayi gari ta kai gwiwa, laushi kamar garin alkama, siririn gajeren allo nutsewa yake yi. Wanda ya taɓa ganin raƙumi da jaki a kan rairayi ya san wannan: faɗin tafin raƙumi ke hana shi nutsewa. Masu barin hanya su shiga irin wannan dusa suna hawan allo mai ƙugun milimita 100 ko fiye, tsawonsa daidai kansu ko ya haura da santimita 5 zuwa 10. Kuma irin waɗannan alluna an ɗaga hancinsu tun daga nesa, wani lokaci har wutsiya, kamar gaban kwalekwale. Salon ya bazu ne bayan 2002, da wani allo mai suna Spatula wanda Shane McConkey ya tsara. Abin lura a nan shi ne, ɓangaren da aka ɗaga ba ya taɓa ƙanƙara a kan hanya mai tauri, don haka allo mai 180 mai ɗagaggen hanci yana iya juyawa kamar mai 170. Haka ma allunan masu tsalle-tsalle da ke da hanci gaba da baya. Shi ya sa lambar tsawo ita kaɗai ba ta isa ba sai ka san irin allon. Wannan duk na gaba ne a wurinka. Bana da baɗi a kan hanyar da mota ta daddaɓe za ka zauna, ƙugu tsakanin milimita 72 da 80 ya ishe ka.

In wata rana aka gayyace ka Autrans, can kan tudun Vercors, zamiyar tafiya a fili, lissafin daban ne gaba ɗaya. A salon gargajiya allon yana haura kai da santimita 20 zuwa 25, kuma nauyi ne ke yanke hukunci. Wannan ne wasan da Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a cikinsa a Beijing. Kada ka ɗauki ƙa'idar can ka kawo nan.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, kuma shi ne ya sa na ce kada ka saya ban ce ka gwada ba. A kan kowane allo akwai mariƙi da ke kama takalmi gaba da baya. Aikinsa biyu ne: ya riƙe ka kana tafiya, ya sake ka in ka faɗi. Akwai ɗan gilashi a jikinsa da lamba a ciki, ana kiranta DIN, ita ce ke nuna ƙarfin da za a kai kafin ya saki. Ba da ka ake saita ta ba. Akwai jadawali da ake bi, mai haɗa nauyi, tsayi, shekaru, tsawon tafin takalmi a milimita, da matakin gwanintar mutum. Mai jikinka da matakinka, lambarsa takan faɗo wajen 4 ko 5. Mariƙan allunan tsere da yawa daga 6 suke farawa, wasu sama da haka, wato ko an kwance su har ƙarshe sun fi ƙarfin ƙafarka.

A shekarata ta biyu da fara wannan wasa, kafin in shiga aikin shago, na sayi alluna na hannu saboda araha, dogaye, na saka takalmina na ji ya shiga ƙas, na ɗauka shi ke nan. Ban kai wa kowa ya duba ba. Faɗuwar da na yi ba ta gudu ba ce, a hankali nake tafiya a gefen hanya. Hancin allon dama ya nutse a cikin tudun dusa ya tsaya, jikina ya ci gaba da juyawa, mariƙin bai saki ba. Na ji ƙarar a cikin takalmi kafin in ji zafin. Ƙashin ƙaurina ne ya karye a murɗe. Aka sauko da ni a kan jirgin ceto da ake ja, ina kallon sama, aka yi mini aiki, na yi watanni da sanduna a hammata, nesa da gida, ba uwa ba ƙanwa da za ta miƙo mini ruwa. Daga baya aka duba mariƙin, an saita shi ne wa mutumin da ya fi ni da kusan kilo 30. Kuma tsawon allon ya ƙara wa abin ƙarfi, kamar yadda doguwar sifana ta fi gajera murɗa noti. Mariƙi mai kyau ba ya hana kowane rauni, jijiyar gwiwa musamman tana iya tsinkewa ko da an saita shi daidai, amma irin karayar da na yi ita ce aka ƙera shi don ya hana. Yuro 60 ba su kai ƙafarka ba, ƙanena, kuma kana da jarrabawa a gaba. Duk allon da za ka hau, na haya ne, na aro ne, na saye ne, sai mai shago ya saka takalminka a ciki ya saita shi a gabanka. Mariƙin da ya tsufa sosai ma shaguna da dama ba sa yarda su taɓa shi, kuma suna da hujja, don roba da sifirin suna gajiya.

To me za ka yi bana? Ka yi haya. Ba don shago nake faɗa ba, ka je duk wanda ka ga dama. Mai koyo yana sauyawa da sauri, allon da ya yi maka daidai a Disamba yana iya yi maka kaɗan a Maris, kuma yawancin shaguna suna barin mutum ya canza allo a cikin yini ba tare da ƙarin kuɗi ba in ajinsu ɗaya. Wannan dama ce da mai saye ba shi da ita. Kamfanoni sukan fitar da kowane samfuri a tsawo huɗu ko biyar, da tazarar kamar santimita 7, misali 156, 163, 170, 177. A irin wannan jeri naka 163 ne. Kada ka damu da bambancin santimita 2 ko 3 tsakanin wannan kamfani da wancan, ko yadda suke awon ma ba ɗaya ba ne.

Jikinka zai gaya maka in an yi kuskure, in ka san abin da za ka saurara. Allon da ya yi maka tsawo: wutsiyarsa tana maƙalewa a ƙarshen kwana, hancin biyu suna hawa kan juna, kana jin sai ka yi amfani da kafaɗa kafin ya juya, cinyarka ta mutu tun kafin azahar. Wanda ya yi maka gajarta: da ka ɗan ƙara gudu sai hancin ya fara kakkarwa yana karkaɗawa hagu da dama, a kan ƙanƙara mai tauri ya zame maimakon ya ciza, in ka shiga tudun dusa ka ji kamar za ka kifa ta gaba. Ranar da ka fara jin alamomi na biyun nan a kan 163, ka yi murna, alama ce ka girma. Sai ka nemi 170 ka gwada shi a hanyar da ka riga ka sani, hanya ɗaya sau uku, kada ka canza allo da hanya a lokaci guda don ba za ka san wanne ya kawo bambancin ba. A ganina, in ka samu kwana goma zuwa goma sha biyar bana, ka kuma ɗauki darasi ko da uku ne a wajen malami, ƙarshen lokacin za ka kai wurin. Ga mai nauyinka, ko ka ƙware, a kan hanya 170 zuwa 175 za ka zauna. Sai in ka koma dusar bayan hanya za ka kusanci 180.

In kuɗin nan na hannunka suna ƙaiƙayi, ka tara su don takalmi. Shi ne abin da ya kamata mutum ya fara mallaka, domin duk umarnin da ƙafarka za ta ba allo ta cikinsa yake bi, kuma takalmin da ya yi yawa yana ɓata allo komai kyansa. Ana awonsa da tsawon tafin ƙafa a santimita. Yatsunka su taɓa gaba kana tsaye, su ja baya kaɗan in ka durƙusa gwiwa, diddige kada ya ɗaga. Safa ɗaya siririya, kada ka ninka don tsoron sanyi, ninkin ne ke hana jini gudu. Allo kuwa ka jira kaka mai zuwa, lokacin da ake kasuwannin kayan hannu da suke kira bourse aux skis. Kafin nan ka san tsawonka da ƙafarka, kuma in Allah ya kai mu ka kira ni mu je tare in duba maka gefen ƙarfe da mariƙi.

Sanda abu ne mai sauƙi: kifa ta, kama ƙarƙashin faifan da ke kusa da tsininta, gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai. A tsayinka 120 ko 125.

Ranar Asabar in ka shiga shago, ka ce musu: tsayi 178, nauyi 64, kwana biyar, shuɗiyar hanya, ina fita daga chasse-neige, ina son allon hanya mai taushi wajen 163. Ka tsaya ka ga an saka takalminka a mariƙi an juya sukurun, ka duba lambar da ke cikin gilashin a gaba da baya, a alluna biyun. Ka sa hular kwano. Ka fara da koriyar hanya sau biyu don ƙafa ta tuna, sannan ka koma shuɗiya. In ka sauko da yamma ka aiko mini da yadda kwanar hagu ta kasance da yadda ta dama ta kasance, don kusan kowa yana da ɓangare ɗaya da ke ba shi wahala, kuma daga nan za mu ɗora. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar karatu.